Babi na Shida: Rawanin Mai Jimiri

A babin da ya gabata mun bi sawun yadda bishara ta shigo ƙasar Hausa. Yanzu za mu dubi abin da ya riƙe waɗanda suka karɓe ta, har suka ƙi sakinta ko da riƙon ya zame musu wuya.

Ƙasar Kazaure ta dace a fara wannan magana da ita. Masarautar tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, inda garin Achilafiya yake, tana kuma maƙwabtaka da Babura daga gabas, kusa da iyakar Nijar. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi, ta gero da dawa da gyaɗa da wake. Ƙasar Musulmi ce mai tsohuwar sarauta, wadda Ɗantunku ya kafa a zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19. Kiristocinta kaɗan ne. Wasu baƙi ne da aiki ko fatauci ya kawo su, wasu kuwa 'yan ƙasa ne, Hausawa gaba da baya, 'ya'ya da jikokin Maguzawan da suka ba da gaskiya tun lokacin da 'yan mishan na SIM suke da tasha da makarantar kwana ta yara maza a Roni.

Duk wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san wahalar mai bi ba kullum take zuwa da wuta ko wuƙa ba. Shekaru sukan shuɗe ana zaman lafiya, ana cin kasuwa ɗaya, ana zuwa wa juna barka da jaje. Wahalar da ta fi yawa a ɓoye take zuwa, kuma mutunci take fara taɓawa. Bahaushe kuwa yana iya kwana da yunwa bakinsa alaikum, amma a raina shi a gaban danginsa, wannan ciwon ya fi na ciki zafi. Saboda haka tambayar wannan babi ita ce: mutumin da aka ƙwace wa girmansa a idon mutane saboda Almasihu, a ina yake samun ƙarfin tsayawa, kuma me ke hana zuciyarsa yin ɗaci?

A zauren baffa

Abin da zan kwatanta ya faru a gidaje da yawa na Maguzawa, a ƙasar Kazaure da Kano da Katsina, kusan da fasali ɗaya.

Saurayi ya yi baftisma. Damina ta ƙarato, an yi yankan kan gida kamar yadda aka gada, ya ƙi sa hannu a naman. Da la'asar baffansa, wanda shi ne mai gandu tun rasuwar mahaifin yaron, ya aika a kira shi. Ya zo ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ɗan nan, an ce ka ƙi cin naman gida. Abin da ubanka ya ci, kakanka ya ci, kai ne ka fi su sani?"

"Baffa, ban fi kowa sani ba. Duk aikin da ka sa ni zan yi, noma ne ko gini ko aike. Wannan ɗaya ne ba zan iya ba. Ka yi mini haƙuri."

Dattijon ya yi shiru, yana jujjuya goro a hannu. Can ya ce, "To, ka je ka yi tunani. Gona dai ta gida ce. Mata ma gida ke nema wa yaro."

Ba a zage shi ba, ba a taɓa lafiyar jikinsa ba, amma ya gane abin da aka faɗa masa. Da dare mahaifiyarsa ta same shi a bayan ɗaki. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Kai, ba ka tausaya mini? Da wane ido zan dubi kishiyoyina?" Wannan tambayar ta fi maganar baffa nauyi, domin hawaye ne ya rako ta.

Daga nan abubuwa sukan zo ɗaya bayan ɗaya. A karɓe gayaunar da yake nomawa. Ya kira gayya, abokan da ya yi wa huɗa bara su ce suna da uzuri. Iyayen yarinyar da yake nema su mayar da kayan toshi. A ware masa kwanonsa. In dattawa suna shawarar gida, sai ya shigo a sake zance. Wanda ya fito daga gidan Musulmi kuwa, nasa yakan fi haka tsanani, don maganar takan kai ga gādo da igiyar aure da riƙon 'ya'ya, wani lokaci har da barin gari.

Ya kamata mu fahimci dangin nan. Yawancinsu ba mugunta ke sa su ba. Gani suke ɗansu ya ɓata, ya kuma ja musu abin kunya, suna matsa masa ne don ya dawo. Shi ya sa jarabawar take da wuya ƙwarai. Da maƙiyi ne, da an san yadda za a yi da shi. To, uwa ce, baffa ne, waɗanda mutum ya tashi yana neman su sa masa albarka.

Wa ke da maganar ƙarshe?

Littafi Mai Tsarki bai yi wa masu bi alkawarin rayuwa marar ƙaya ba. Yesu da kansa ya gaya wa almajiransa tun da wuri cewa za a tsane su, kuma wani lokaci daga cikin gida tsanar za ta fito. Amma ya haɗa wannan gargaɗi da alkawari: wanda bai ji kunyar shaida shi a gaban mutane ba, shi ma zai shaida shi a gaban Ubansa da mala'iku. A cikin misalin bayin da ubangidansu ya ba ajiya ya yi tafiya, abin da bawa mai amana ya fara samu da maigida ya dawo shi ne yabo daga bakinsa, sannan ƙarin matsayi, sannan gayyata ya shiga cikin murnar maigidan. Manzo Bitrus ya rubuta wa masu bi da ke warwatse cikin tsanani cewa bangaskiyar da aka gwada za ta ƙare da yabo da ɗaukaka da daraja a ranar bayyanar Almasihu.

A lura da irin kalmomin nan. Duk maganar girma ce. Abin da aka ƙwace wa mai bi a duniya, shi ne ainihin abin da aka yi masa alkawari a sama.

Wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a fadar Kazaure, ko wata fada a ƙasar Hausa, zai gane wannan da sauri. Mutum yakan zo ya gurfana a gaban sarki da kai ba komai. A yafa masa alkyabba, a naɗa masa rawani, fadawa su ɗaga murya su gaya wa jama'a ko wane ne shi daga yau, algaita ta ɗauka. Ba wanda yake naɗa wa kansa, kuma ba kasuwa ce ke zaɓa ba. Sarki ne ya ce, kuma da ya ce, surutun masu hassada ba ya warware rawanin. Haka mai bi yake duban ranar da zai tsaya a gaban Ubangijinsa. Ya san akwai fadar da ta fi kowace fada, kuma a can ne za a faɗi magana ta ƙarshe game da shi.

Manzo Bulus ya rayu a kan wannan sani. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ya lissafa abin da ya sha: sau biyar an yi masa bulala talatin da tara, sau uku an doke shi da sanduna, sau ɗaya an jefe shi da duwatsu, sau uku jirgin ruwa ya farfashe da shi, ban da kurkuku da yunwa da rashin barci. Duk da haka, a cikin wasiƙar nan ce ya ɗora waɗannan a ma'auni ɗaya da ɗaukakar da ke zuwa, ya ce ba su da nauyi kuma ba su daɗewa. Wanda ya faɗi haka tabon bulala na bayansa, don haka ba za a ce bai san zafi ba. Da ajalinsa ya matso, yana tsare a Roma, ya rubuta wa Timoti cewa ya gama tserensa, kuma abin da ya rage shi ne rawanin da Alƙali mai adalci zai ba shi.

Wani zai ce, ashe ciniki ake yi da Allah, a sha wuya a nan a karɓi biya a can? Ba haka ba ne. Koyarwar Kirista ita ce ceto kyauta ne, alherin Allah ne, ba a sayensa da bulala ko da hawaye. Abin da mai jimiri yake ɗoki shi ne yardar wanda ya riga ya ƙaunace shi. Yana so ya isa gida ba tare da ya ci amana ba. Yesu ma ya gargaɗi masu yin sadaka da addu'a don mutane su gani cewa sun riga sun karɓi nasu, ba abin da ya rage musu a wurin Uba. Yabo biyu ne ke nan a gaban ɗan Adam, na mutane da na Allah, kuma akwai ranar da dole ya zaɓi ɗaya.

Kaburbura a Girku da Gimi

Tarihin bishara a ƙasarmu da irin wannan zaɓi ya fara. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, wato yankinmu. Wani babban ɗan mishan da suka tarar a Legas ya gaya musu ba za su ga ƙasar ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, sai ko jikokinsu. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa zazzaɓi ya kusa kai shi, daga baya ya koma Kanada ba tare da mutum ko ɗaya ya tuba a hannunsu ba. Da ya kai wa mahaifiyar Gowans 'yan kayan ɗanta, ta gaya masa ta fi so ɗanta ya mutu shi kaɗai a can cikin biyayya ga Ubangiji, a kan a ce yana gida yana saɓa masa.

A ma'aunin duniya wannan tafiya asara ce tsagwaronta. Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake kora shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Daga wannan tushe ne SIM ta girma, kuma daga aikinta ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ba Turawa kaɗai suka biya farashi ba. Wajen 1867, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi, aka kashe wani malami mai suna Malam Ibrahim a kasuwar Kurmi saboda matsayin da yake ba Annabi Isa a koyarwarsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi bishara, suka kafa ƙauyensu a Gimi don su zauna tare su yi sujada. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Mutanen da suka bar komai don bangaskiya, sai ga su suna binne 'ya'yansu. Duk da haka ragowarsu ba su juya baya ba. Daga zuriyar nan aka samu iyalan da suka zama ginshiƙan Wusasa ta Zariya, cikinsu har da gidan da ya haifi Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

In muka leƙa nesa, za mu tarar abin ba sabo ba ne a nahiyarmu. A shekara ta 203, a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, aka tsare wata matashiya mai goyo, Perpetua, 'yar babban gida. Mahaifinta ya yi ta zuwa kurkuku yana roƙonta ta dubi furfurarsa, ta dubi jaririnta, ta dubi kunyar da za ta ja wa dangi. Ta yi baƙin ciki ƙwarai dominsa, amma ba ta musanta Ubangijinta ba. Aka kashe ta a filin wasa tare da wata baiwa, Felisita, wadda ta haihu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin ranar. 'Yar gata da baiwa suka shiga filin tare, domin girman da suke duba ba ya tambayar asali.

Aikin da ba a yi wa kirari

Kuskure ne a ɗauka begen sama na ranar mutuwa ne kawai. Aikinsa mafi yawa a ranakun da ba su da labari yake yinsa.

A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato suka danƙa wa SIM kula da masu ciwon kuturta, a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A lokacin ba a samu magani mai ƙarfi ba tukuna. Allurar wani man itace ake yi, mai zafi, ana maimaitawa wata da watanni, sai wajen 1950 ƙwayar dafson ta fara sauya al'amura. Galibin aikin yau da kullum 'yan ƙasa ne suka yi shi, da yawansu ma tsofaffin majinyata ne da suka samu sauƙi suka zauna.

Ka dubi mai wankin gyambo da sassafe. Majinyaci ya zauna a benci ya miƙo ƙafa. Ƙafar ba ta jin zafi, shi ya sa ƙaya ta shige ta kwana uku mai ita bai sani ba. Mai wankin ya durƙusa, ya warware tsohon bandeji a hankali don kada ya ɗauko nama, ya jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, ya kankare matacciyar fata, ya sa magani, ya naɗe. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kar ka taka ƙasa ba takalmi, ka ji?" Dattijon ya ce, "To, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Na gaba ya matso. Haka har rana ta take. In ya koma garinsu, akwai masu ƙin haɗa kwano da shi don sun san inda hannunsa yake shiga.

Ba maroƙin da ya taɓa wasa irin wannan mutum. Haka malaman da suka koyar da 'ya'yan talakawa karatu a Roni, da ma'aikatan asibitin ido na Kano da aka buɗe a 1943, da na asibitin Galmi a Nijar tun 1950, da masu bishara da suka zauna a ƙauyuka suna noma da hannunsu don su ci. Abin da ya tsayar da su shi ne koyarwar Yesu cewa a ranar shari'a zai ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci da baƙo da majinyaci da ɗan kurkuku tamkar shi aka yi wa. Wanda ya gaskata wannan, ba ya raina ƙafar kuturu, kuma ba ya jiran a tafa masa.

A zamaninmu

Ranar 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga na wani ɓangaren Boko Haram suka kwashe ɗalibai mata 110 daga makarantar sakandare ta Dapchi a Jihar Yobe. Bayan wata guda suka dawo da waɗanda suka rayu, ban da ɗaya. 'Yan'uwanta ɗalibai suka ba da labarin cewa an ce wa Leah Sharibu ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. Shekararta 14 a lokacin. Motar da za ta kai ta wurin mahaifiyarta tana tsaye a gabanta.

A watan Janairu na 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, shugaban ƙungiyar CAN a Michika ta Jihar Adamawa. A bidiyon da masu garkuwar suka fitar, an gan shi a natse. Ya nemi a taimaka a sake shi, ya ce bai karaya ba don kowane hali yana hannun Allah, ya kuma roƙi iyalinsa da abokan aikinsa su yi haƙuri su gode wa Allah ko da bai dawo ba. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

A Nijar, a tsakiyar Janairu 2015, tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin wata mujalla ta Faransa ta ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. Masu bi suka koma suka yi sujada a cikin kangayen da aka bar musu, shugabanninsu kuma suka fito suka ce sun yafe.

Wannan yafiyar ita ce babbar shaidar cewa begen na gaske ne. Mutumin da yake ganin duk girmansa a nan duniya yake, in an wulaƙanta shi dole ya rama, don ba shi da wani wurin da za a wanke shi. Wanda ya san akwai Alƙali, ya kuma san shari'arsa ba za ta ɓace ba, yana iya ajiye sanda. Istifanas, shahidi na farko a ikkilisiya, kafin a fara jifansa ya ɗaga ido ya ga Ubangijinsa a tsaye, kuma da wannan ganin ne ya samu bakin roƙa wa masu jifansa gafara.

Gaskiya ta wajabta mu faɗi wani abu a nan. Wutar da ta ƙone majami'u ta ƙone masallatai. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano, aka kashe masallata masu ɗimbin yawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san haƙuri da dogaro ga Allah, sun kuma binne nasu. A watan Yuni na 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, a Barikin Ladi, ya ɓoye sama da mutum 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya hana su shiga. Mai bi da ya bar wahalarsa ta rufe masa ido har ya kasa ganin irin wannan maƙwabci, ya riga ya fara rasa abin da yake jimiri dominsa.

Hattara da karkatar da bege

Akwai hanyoyi uku da ake ɓata wannan koyarwa, kuma dukansu suna faruwa a tsakaninmu.

Ta farko, a mai da ita abin rufe bakin wanda aka zalunta. Gwauruwa ta kawo kuka an cinye mata gona, a ce mata ta yi shiru ladanta na sama. Wannan zalunci ne a kan zalunci. Bulus ɗin nan da ya ce wahala ba ta da nauyi, shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce sai mahukuntan da suka doke shi ba bisa doka ba sun zo da kansu. Shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi. Neman wannan haƙƙi cikin ladabi, a gaban mai unguwa ko hakimi ko kotu, bai saɓa wa jimiri ba. Ramuwa aka hana mu, ba a hana mu faɗin gaskiya ba.

Ta biyu, mutum ya ja wa kansa wahala da mugun hali ko kaifin baki, sannan ya kira ta tsanani. Bitrus ya raba tsakanin shan wuya saboda sunan Almasihu da shan wuya saboda sata ko shisshigi. Wanda ya zagi abin da maƙwabcinsa yake girmamawa, ko ya ci bashi ya ƙi biya, ko ya daina gaida iyayensa don wai ya samu haske, kada ya sa ran yabo a kan abin da ya biyo baya. Sabon mai bi ya kamata ya fi da ladabi, ya fi da zumunci, ya riga kowa zuwa gonar gida, har dangi su rasa abin da za su kama a kansa sai bangaskiyarsa kaɗai.

Ta uku, ikkilisiya ta nuna wa mai wahala sama da yatsa, ta naɗe hannunta. Wanda dangi suka ware, mu ne danginsa. In ba shi da gona, a ba shi aron fili. In ba shi da masu taya shi noma, matasan ikkilisiya su fito da fartanyoyinsu. In matarsa ta haihu, zumuntar mata su zo da itace da garin kunu, su kaɗa tulu su yi waƙa a ƙofar ɗakinta kamar yadda za a yi wa kowace 'yar dangi. In ya rasu, a yi masa jana'iza ta mutunci. Ta haka ne mutum yake ɗanɗana karɓuwar da aka yi masa alkawari tun yana duniya, har ya samu ƙarfin gaskata sauran.

Abu na ƙarshe ya shafi iyaye da fastoci da malaman makarantar Lahadi. Ba a koyon wannan bege a ranar da masifa ta sauka. Leah ba a dajin ta fara sanin wanda take bi ba, da saninta ta shiga. In duk wa'azinmu na buɗi ne da ƙarin girma da cin nasara a kan maƙiya, muna renon 'ya'yan da za su ɗauka Allah ya yashe su ranar da aka hana su aiki ko aure saboda sunansu. Mu gaya musu gaskiya tun suna ƙanana: bin Almasihu yana iya raba mutum da abin da yake ƙauna, Ubangiji yana ganin kowace asara da aka yi dominsa, kuma bai taɓa mance da mai amana ba. Yaron da ya tashi da wannan sani zai iya zama da kowa lafiya, ya yi wa kowa alheri, ya kuma ce a'a a inda ya kamata ba tare da tsoro ko gaba ba.

A babi na gaba za mu dubi yafiya kanta: yadda ake yinta, abin da take ci wa mai yinta, da inda iyakarta take.